Igiya a Hannun Nakuda Jusab

Ni da Jusab, mijin yayata Jenabai, ba mu taɓa shan shayi tare mun tashi lafiya ba. Shi Nakuda Jusab, haka muke kiran matuƙin jirgin ruwa a nan, jirginsa iska ke tura shi, ni kuwa nawa inji gare shi, ina jigilar mutane da buhunan gari tsakanin tsibirinmu na Baba da gaɓar Kemari. In ya hango ni sai ya toshe hanci ya ce ga Sumar mai hayaƙi nan. Ni kuma in ce masa namijin kirki ba ya hawa jirgin da ke ɗaura zane. A haka muka tsufa. Amma duk tsibirin an san in ka taɓa shi a gabana sai na ci maka mutunci, don ni kaɗai ke da izinin zaginsa.

Jirgin nasa ɗan ƙarami ne, Bulbul sunansa, mutum huɗu in sun zauna ya cika. Ubansa ne ya samo shi a wani kulob na masu hannu da shuni inda yake yi musu aikin kula da jirage. Da ya tsufa a idonsu suka ce a jefar, tsohon ya jawo abinsa gida. Jigo ɗaya ne a tsaye a tsakiya, zanen iska ɗaya a jikinsa, sai sandar tuƙi a baya. A cikinsa Jusab ya nemi abincinsa tun yana saurayi. Yakan ɗebi 'yan birni ya kai su kamun ƙaguwa bakin kurmin ruwa, ya dawo da su kafin magariba suna ta murna kamar sun ci yaƙi.

Bara ana tsakiyar damina ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci yana saka takalmi. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likitocin birni. Ya dawo mana da baki a ɗan karkace, ƙafar hagu yana janta amma tana kai shi inda za shi. Hannun hagun ne ya mutu murus, yana reto a gefensa kamar ba nasa ba.

Da ruwa ya ɗauke, teku ta kwanta, wata rana da hantsi ya sulale ya shiga Bulbul bai gaya wa kowa ba. To shi zanen nan, ko ɗaga shi za ka yi ko jawo shi, aikin hannu biyu ne: ka ja da wannan, ka riƙe da wancan, ka sake miƙa hannu ka ja. Shi da ya rasa na riƙewa sai ya sa haƙori. Iska ta cika zanen, igiya ta fizge, ta tafi da haƙoransa na gaba. Ni na same shi zaune a cikin jirgin, gaban rigarsa duk jini, igiyar tana lilo a kansa. Na ɗauko shi na kai gida. Yaya ta gan shi ta zauna a ƙasa daɓas.

Daga ranar ya samu gindin bangon tsakar gida, wanda ya juya wa teku baya, ya zauna. Masallaci ya daina zuwa, wai ba ya son a riƙa matsa masa a sahu kamar jinjiri. Roti, gurasarmu, in an kawo masa sai ya gutsuri gefe ya ture. Wuyansa ya zama kamar na kaza. Wani sakarai a teburin mai shayi ya ce ai dama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gara Nakuda ya haƙura. Shayin da ke hannuna a ƙirjinsa ya ƙare, sai da aka rirriƙe ni. Amma maganar ta bi ni har gida, don gaskiya ce ɗan banzan ya faɗa.

Abin da ya karya mini zuciya shi ne ranar da na shiga na ce ina mai jirgin zane, yau ba a ɗaura ba ne? Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Sannu da zuwa, Sumar. Zauna mana." Ni Jusab zai yi wa sannu da zuwa. Na fita na shiga jirgina na rufe fuska na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Na san mutumin nan mutuwa yake yi a zaune, kuma ba ciwon ne zai kashe shi ba, rashin fita teku ne.

Ɗansu Latif yana aiki a Maskat, a wata tashar da attajirai ke ajiye jiragen shan iska, kuma aikinsa ke nan, ɗaura wa jirage igiyoyi da ƙarafa. Na kira shi a waya na gaya masa gaskiya tsirara, ban rage ba. Da hutunsa ya zo ya sauka da jaka mai nauyin da sai da na taya shi ɗagawa. Uwarsa ta zaci tsaraba ce. Ya zazzage a kan tabarma a gaban ubansa: ƙarafa farare masu ƙyalli irin waɗanda ba sa tsatsa, gargaren igiya masu boris a ciki, wayoyi a nannaɗe, igiyoyi masu launi kamar na bikin aure. A cikinsu akwai wani ɗan ƙarfe bai kai tafin hannu ba, mai haƙora biyu suna fuskantar juna.

Latif ya ce wannan shi ne hannun hagun Abba. In ka ja igiya ta tsakaninsu za su bar ta ta wuce, in ka saki su cafke ta, ba za ta koma ba. Ka ja, ya riƙe maka, ka sake ja. Ya ce zai kwashe duk tsofaffin kayan Bulbul ya sa sababbi, ya bi da kowace igiya ta dawo gefen dama na mazauni, yadda mai hannu ɗaya zai sarrafa jirgin yana zaune.

Yaya ta ce ba da ita ba. Ta ce gara mata rabin miji a gindin bango da cikakke a ƙarƙashin teku. Latif ya ce mata, Umma, na gindin bangon ma ai tafiya yake yi, dubi wuyansa. Ta ce shi da yake can Maskat me ya sani, ita ce mai wanke jinin. Ni na sa baki, ta ce in rufe mata baki tunda ni na kira yaron. Muna ta yi kamar mai maganar ba ya wurin. Shi kuwa Jusab ya miƙa hannu ya ɗauki ƙarfen nan yana jujjuyawa, ya tura babban yatsa tsakanin haƙoran, ya yi ƙoƙarin zarewa, suka cije shi.

"Kai," ya ce. "Ashe ƙaguwa ce."

Ya yi dariya da bakin nan nasa mai giɓi. Yaya ta dube shi ta daɗe, rabonta da jin dariyarsa tun kafin ya faɗi. Sai ta share ido da gefen mayafi ta ce to, ta ji, amma sau ɗaya. Ya fita shi kaɗai ya kewayo jan tulun ƙarfen nan na alama da ke kan ruwa a bakin hanyar manyan jirage wajen Manora, ya dawo. In ya dawo da rigarsa a bushe, ba za ta ƙara cewa uffan ba, ya koma tekunsa. In kuwa aka tsamo shi, a ja Bulbul kan tudu, kada wanda ya sake yi mata zancensa. Ta ce Baban Latif, ka yarda? Ya ce ya yarda. Ta ce Sumar, kai ne shaida.

Muka ja jirgin kan yashin bayan gida, aiki ya kankama. Sai da aka fara kwance shi na san Allah kaɗai ke riƙe da Bulbul shekarun nan. Sukurorin tagulla sun koma ja, ka sa musu sukuddireba su ruɓushe kamar busasshen roti. Wayoyin da ke riƙe da jigo tsatsa ta cinye su, silinsu ya miƙe yana soke hannu. Gargaren katakon da uban Jusab ya sassaƙa da hannunsa sun yi baƙi ƙirin da maiƙon tafi, wasu sun tsage an ɗaure su da zare. Latif ya riƙa cire su a hankali yana miƙa wa ubansa, shi kuma yana shinshinawa yana ajiyewa a gefe. Inda katako ya ruɓe a ƙarƙashin ƙarfe, Latif ya ƙwaƙule, ya fere sabo ya cusa da gam, a jira ya bushe, sannan a huda a ɗaura sabon ƙarfe. Aiki ne na haƙuri, ni kuwa ba ni da shi. Nakan riƙe musu abu in ce a buga ƙusa mana a huta, su duka biyun su harare ni.

Jusab kan kifaffen akwati yake zama yana ba da umarni. Ya ce kada a ɗaure sababbin wayoyin tamau, tsohon jirgi kamar tsohon mutum ne, ba ya son matsi a ƙugu. Latif ya ce ya sani. Jusab ya ce bai sani ba, na attajirai ya sani. Suka yi ta musu a kan inda za a kafa ƙaguwar, sai da aka zaunar da shi a mazaunin aka gwada tsawon hannunsa. Sandar tuƙi kuwa ba matsala, don tun da can yakan tuƙa da gwiwa in zai kunna taba, Latif ya ƙara mata maɗaukin fata kawai. Ran nan Yaya ta aiko da shinkafa da miyar kifi, Jusab ya cinye tas ya tambayi ko da saura. Ya dube ni ya ce in matsa daga kan sababbin igiyoyi, warin baƙin mai nake yi. Wallahi na ji daɗin zagin nan fiye da sabuwar riga ranar salla.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. A ƙaramin jirgi irin Bulbul, igiyar da ke jan zane ba a ɗaure ta, har abada. A hannu take zama. In guguwar iska ta mari zanen, jirgi ya fara kwanciya, sai ka buɗe hannu kawai, igiya ta gudu, zane ya zubar da iskar, jirgi ya miƙe. Shi ne karatun farko da ake koya wa kowa a nan, kuma da bakin igiya uban Jusab ya koya masa shi a gadon baya. Ba tunani ake yi ba, kamar ƙifta ido ne. Ita kuwa ƙaguwa ba ruwanta da buɗe hannunka, riƙewa aka yi ta don ta yi. In kana son ta saki, sai ka damƙe igiyar ka fizga sama ta fita daga haƙoran.

Latif ya san wannan sarai, shi ya fara faɗa tun ranar farko. Na tambaye shi ko ba za a bar igiyar zanen a hannu ba, a sa ƙaguwa a sauran. Ya ce Kawu, to da me zai jawo zanen, da sauran haƙoran? Babu wata hanya. Saboda haka ya sa uban a gaba a kan tudu. Ya zaunar da shi a jirgin da igiya a hannu, ya ce "iska", shi kuma ya fizga sama. Safe da yamma. Har a wurin cin abinci sai Latif ya ce "iska" ba zato, hannun Jusab ya tashi sama da cokali, miyar wake ta fantsama a bango, Yaya ta yi ta faɗa. Daga baya suka shiga ruwa su biyu cikin iska mai laushi, Latif ya naɗe hannu yana kallo. Jusab bai kuskure ba ko sau ɗaya. Har ya gaji ya ce shi ba biri ba ne da za a yi ta rawa da shi, ya iya, a sa rana.

Bayan azahar aka yi, lokacin da iskar teku ke tasowa. Ba mu gayyaci kowa ba, amma tsibirin nan in ka yi atishawa a wannan gefe sai an ce yarhamukallahu a wancan. Gadar katakon da jirage ke tsayawa a gefenta ta cika maƙil. Yaya ta ce ba za ta sauko ba, tana da shinkafar tsincewa. Latif ya ɗaure wa uban mataccen hannun a ƙirji da ƙyalle don kada ya sarƙe da igiya. Ya kawo rigar nan mai hana nitsewa, Jusab ya ce ya kai wa 'yan birni. Ni da Latif za mu bi shi a jirgina, ya ce in yi nesa da shi kada hayaƙina ya ɓata masa zane.

Ya yi bismilla. Ya ja, ƙaguwa ta riƙe, ya ja, ta riƙe, zane ya hau har ƙarshen jigo, shi kaɗai, ba wanda ya taɓa masa. Gargaren nan masu boris ko ƙara ba sa yi. Bulbul ya ɗan karkata ya kama hanya, ruwa yana tsagewa a gabansa. Ni da na yi shekaru ina yi wa jirgin nan ba'a, ranar na yarda ban taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba. Jusab yana zaune a baya, gwiwa a kan sanda, haɓa a sama, ƙeyarsa ma kawai in ka gani ka san mutumin ya dawo.

A wajen jan tulu ya juya jirgin. Nan ne wurin wahala, don sai ya saki igiya ya dafa da hannu ya ja jikinsa zuwa ɗaya gefen. Ya saki, ƙaguwa ta riƙe masa, ya ja gindi ya koma, ya sake kamawa. Latif ya damƙe mini kafaɗa har sai da na ce ya sake ni, ba ni na haife shi ba.

A hanyar dawowa akwai wani ƙaton jirgin kaya a tsaye, ya tare iska. Kowa ya san in ka fito daga inuwar irinsu iskar mari take yi. Na ga Jusab ya gyara zama yana jira. Ta zo, ta mare shi, ya fizga sama, zane ya saki, Bulbul ya miƙe. Daidai yadda aka koya masa. Latif ya ce Alhamdulillahi, ya zauna a kan injina yana dariya yana share hawaye. Ni ma na ce an gama, na fara shirya irin abin da zan gaya wa Yaya.

Har ya iso gaban gada, jifan dutse tsakaninsa da matakala. Mutane suna tafi. Sai ya ɗaga kai yana duban rufin gidansu, yana neman ko ta hau. A daidai nan wata iska ta fito ta bakin rafin da ke tsakanin tsibirinmu da na maƙwabta, irin wadda ba ta sallama, ta cika zanen.

Ina kusa, na gani da idona. Hannunsa ya buɗe. Yatsun nan biyar suka baje, yadda suka saba yi tun yana yaro, igiyar tana kwance a tafinsa ba ta motsa ba. Ya sunkuya yana kallon hannun. Ƙiftawar ido ɗaya yake buƙata ya rufe ya fizga, amma ya tsaya kallo, kamar yana jiran igiyar ta yi abin da ta saba. Bulbul ya kwanta a hankali, ruwa ya hau gefensa, zanen ya bugi teku, Jusab ya gangara ƙarƙashinsa.

Mutumin da a da yake nutso ya kwance anka da numfashi ɗaya. Yanzu ga hannu a ɗaure a ƙirji, ga ƙafa ba ƙarfi, ga zane ya rufe shi kamar bargo, ga sababbin igiyoyin nan duk sun taru a gefensa sun nannaɗe shi. Latif ya faɗa ruwa, ni ma na bi shi da takalmina. Na laluba na kama zane, na laluba na kama igiya. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san na fito na shaƙi iska na koma, shi kuwa bai fito ba. Latif ne ya samo ƙafarsa. Muka jawo shi kan matakala, na danna masa ciki, ya amayar da ruwa, ya yi tari, ya buɗe ido. Gadar nan da ta cika da tafi ta yi tsit. Idon nasa ne ban so ba. Bai dubi kowa ba, a zazzare yake kamar na akuyar da ta ga wuƙa.

Aka kai shi gida a kafaɗa. Yaya tana ƙofa, mayafinta duk ƙurar rufi, ashe ta hau. Ba ta ce ai na faɗa ba. Ta cire masa jiƙaƙƙen kaya ta lulluɓe shi. Latif ya durƙusa yana cewa laifinsa ne, uban ya girgiza kai. Ya ɗaga hannun daman yana dubawa, gaba da baya.

"Na hagun ya mutu, ban ga laifinsa ba," ya ce. "Wannan da nake taƙama da shi, ashe shi ma ba maganata yake ji ba. Ta babana yake ji."

Aka ce sabo turken wawa, amma Jusab ba wawa ba ne. Sabon nan shi ya yi ta dawo da shi gida da rai shekara da shekaru, ranar nan kuma shi ya kifar da shi. Na rasa wanda zan zaga, kuma ni in na rasa wanda zan zaga ciwo nake yi.

Zazzaɓi ya kama shi, ya sake shi. Ya koma gindin bangonsa, wannan karon ko gutsurar rotin ba ya yi sai an matsa. Muka tsamo Bulbul muka ja shi kan tudu kamar yadda aka yi alkawari, ba wanda ya sake ambatonsa. Sai ga Yaya da kanta ta same ni a bakin ruwa ina zuba wa inji mai. Ta tsaya tana murza bakin mayafi, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, don ita ce ta goye ni, ba ta jin nauyina. Ta ce ta janye maganarta. Ta ce daga kan rufi ta ga fuskarsa lokacin da yake dawowa, fuskar da ta aura ke nan, kuma ba za ta iya ci gaba da kallon wadda ke tsakar gida ba. Ta ce a mayar da jirgin ruwa, ya gwada sau goma, sau ɗari. In teku ce ajalinsa, ta ɗauke shi da waccan fuskar.

Latif kamar jira yake. Ya roƙi a ƙara masa hutu, ya kwance ƙaguwar ya sa mata ɗan katako a ƙasa ya karkata ta, yadda ko ɗan ɗaga hannu ka yi za ta saki. Ya rage tsawon igiyoyin da suka sarƙe uban. Ya ce zai zauna a jirgin tare da shi kullum har hannun ya koyi sabon karatu, ko aikin Maskat zai tafi ya tafi. Muka taru mu uku muka gaya wa Jusab. Ya saurare mu har muka gama, ya dubi Yaya, ya dubi ɗansa, ya ce to. Ni da wautata na ɗauka murna ce ta hana shi magana.

Muka zaɓi safiya mai sanyi, teku shimfiɗe kamar tabarma, iskar ko kyandir ba za ta kashe ba. Ba kowa a gada sai masu gyaran raga can nesa. Latif ya riga mu sauka, ya kawo Bulbul gindin matakala an wanke shi fes, ƙarafan nan suna ɗaukar ido, yana zaune a ciki yana riƙe da gefen dutse. Ni na riƙo Jusab muna saukowa, har ya yarda an sa masa rigar hana nitsewa ba musu, abin da ya kamata ya sa ni tunani. Matakalar ƙarshe ruwa yana ɗan hawa kanta yana sauka. Ya sa ƙafa, ruwan ya shafi yatsunsa, sai ya tsaya cak.

Na ce ya taka mana, ko sai an shimfiɗa wa ango darduma ne? Sai ya ƙanƙame ni. Hannunsa ya nutse a damtsena har ina jin farce. Gumi yake yi a sanyin nan.

"Sumar," ya ce, ƙasa-ƙasa yadda Latif ba zai ji ba. "Kada ka yi mini dariya."

Na ce yaushe na taɓa yi masa dariya a duniya.

"Tsoronsa nake ji. Ruwan. Ko alwala zan yi, in na kai shi fuska sai in ji zanen nan a kaina. Na ɗauka in na zo zai wuce." Ya haɗiyi yawu. "Ka mayar da ni gida. Ka ce wa yaron ƙafar ce ta motsa."

Na dubi Latif, yana murmushi yana miƙo hannu zai tarbi ubansa. Na dubi mutumin da ke maƙale da ni. Duk bakin nan nawa da ake tsoro a tsibiri, na laluba ban samu kalma ɗaya da zan ba shi ba. Na ji da ma ni ne na shanye.

Na ce wa Latif ƙafar ce ta motsa, a bari sai gobe. Ya ce to Kawu, Allah ya kai mu, ya fara naɗe igiyoyinsa. Gobe ta zo, jibi ta zo, ƙafar ba ta daina ciwo ba har ƙarin hutun ya ƙare. Ni na tsallakar da Latif Kemari da jakarsa ba nauyi, bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ce masa komai ba. Har yau in aka tambaye ni a teburin mai shayi me ya hana Nakuda fita, ƙafar nake cewa.